Kasuwanci a tsakiyar Abuja: gari da rana, kango da dare

Ina ne ainihin wannan yanki?

Shi ne filin da ya miƙe daga gindin Dutsen Aso, inda Majalisar Tarayya da Kotun Ƙoli suke, har zuwa wajen babban filin wasa na ƙasa. Mutanen gari Central Area suke ce masa. A nan Babban Bankin Najeriya yake, da hedikwatar NNPC, da Sakatariyar Tarayya, da Masallacin Ƙasa. Gwamnatin Murtala ce ta yi dokar kafa sabon babban birni a 1976, wani ɗan Japan mai suna Kenzo Tange ya zana tsakiyarsa, aka tare a Disambar 1991 zamanin Babangida.

Daga ina kuɗin wurin ke fitowa?

Daga aljihun gwamnati, kusan duka. Babu masana'anta, babu tashar jiragen ruwa irin ta Legas, babu tsohuwar kasuwa irin Kurmi ta Kano da fatake suka gina da ƙafarsu. Albashi ne, da kwangila, da taron ƙara wa juna sani a otal. Shi ya sa in aka yi jinkirin sakin kuɗin kasafi, daga mai otal har mai buga takardu kowa sai ya ji a jikinsa.

To, ai ga manyan kantuna nan. Ba bunƙasa ba ce?

Bunƙasa ce, amma mai iyaka. Ceddi Plaza da Silverbird da Grand Square da Sahad duk suna cikin yankin, kuma suna ciniki. Sai dai babban rabon ya tafi gefe. Mai neman waya Banex yake zuwa a Wuse 2, mai neman atamfa da kayan miya kasuwar Wuse, iyali kuma ranar Asabar su nufi Jabi Lake Mall da aka buɗe a 2015. Dalilin bai da wuyar ganewa: ciniki inda mutane ke kwana yake bi, tsakiyar Abuja kuwa ofis aka gina mata, ba gida ba.

Wa ke cin kasuwar ma'aikatan ke nan?

Ka tsaya a bayan Sakatariya da ƙarfe ɗaya na rana ka gani. Ga mata ta buɗe but ɗin mota, kulolin shinkafa da miya a jere. Ga mai POS a ƙarƙashin lema, ga mai fotokwafi da ɗan janaretansa, ga yaro mai wankin takalmi yana ƙwanƙwasa akwati. Da an hango motar jami'an kula da muhalli, kowa ya tattare, bayan rabin awa a dawo. Waɗannan ba sa cikin zanen Tange, amma su ke ciyar da masinja da darakta. Ƙarfe biyar na yi, sai jama'a su kwarara zuwa Nyanya da Mararaba da Kubwa da Lugbe, albashin ma can za a kashe shi. Bayan isha'i sai masu gadi.

Tituna ma ba su taimaka ba. Faɗinsu na mota ne, tsallaka su a ƙafa sai an shirya, acaɓa kuma an hana shi shiga cikin gari tun 2006.

Jirgin ƙasan cikin gari bai canza komai ba?

Kaɗan. An ƙaddamar da shi a 2018, ya tsaya a 2020 lokacin korona, ya dawo a Mayun 2024. Yana zuwa Idu da filin jirgin sama da ɓangaren Kubwa. A ganina hanyar da ta fi bukatarsa ita ce ta Nyanya zuwa Mararaba, ita kuwa har yanzu cunkoson safe ne.

Ƙaramin ɗan kasuwa zai iya kama shago a can?

Zai iya, in ya yi lissafi da idon basira. Hayar shekara ake biya gaba ɗaya, ga kuɗin hidimar gini, ga dizal. Tun cire tallafin fetur da faɗuwar naira a 2023, ma'aikaci kuɗin mota yake fara warewa kafin ya kalli kanti. Abinci, magani, gyaran waya da buga takardu suna tafiya daga Litinin zuwa Juma'a. Mai sayar da katifa ko kayan ɗaki gara ya nemi shago a Kubwa.