Kai da motarka a kan iyaka: takardun da ake nema

Wanda zai hau jirgi, tun a filin jirgi ake duba takardunsa, in akwai gyara ya koma gida. Mai tafiya ta ƙasa kuwa sai ya isa shingen ƙarshe yake sanin matsayinsa, bayan ya ƙona mai ya sha hanya. In da motarsa ya zo, baƙi biyu hukuma take gani: shi da motar, kowa da takardarsa da wa'adinsa.

Biza izinin zuwa bakin ƙofa ce, jami'in shige da fice shi ke da ta cewa. Kwanakin da ya rubuta a hatimin shiga su ne za a kama ka da su, ko da kana ganin bizarka ta fi haka, don haka ka karanta hatimin kafin ka bar gaban tagarsa. Ka duba kuma ko bizar ta shiga ɗaya ce ko ta shiga da yawa, domin mai mota yakan dawo ta ƙasar da ya ratsa. Bizar intanet da wadda ake bayarwa a wurin isowa suna da nasu tarkon: wasu ƙasashe sun ƙayyade mashigan da ake karɓarsu, galibi filayen jirgi, ƙaramar boda ta bayan gari ba ta cikin lissafi.

Wasu yankuna sun sauƙaƙa. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba 'yan ƙasashen ƙungiyar kwana 90 ba tare da biza ba. Kenya da Uganda da Ruwanda suna da bizar yawon buɗe ido guda ɗaya ta kwana 90, amma da ka fita daga ukun ta mutu. A yankin Shengen na Turai kwana 90 ne cikin kowane kwana 180, kuma dole fasfo ya kasance da sauran wata uku bayan ranar fita. Ƙasashe da dama wata shida suke nema. Katin rigakafin zazzaɓin shawara yana fara aiki kwana 10 bayan allura, kuma tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta mayar da shi na har abada.

Maganar mota ita ce mai nauyi. A idon kwastan, motar da ta tsallako haja ce da ake bin ta kuɗin fito. Abin da ke ɗage wannan kuɗi shi ne alkawarin cewa za ta fita, kuma yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1954 kan shigar da motocin hawa na ɗan lokaci ita ta tsara yadda za a riƙe alkawarin. Takardar ita ce Carnet de Passages en Douane, matafiya na ce mata karne. Ƙungiyoyin masu motoci da ke ƙarƙashin FIA da AIT, wato manyan ƙungiyoyin motoci da yawon buɗe ido na duniya, ne ke bayar da ita, bayan ka ajiye jingina gwargwadon darajar motar da ƙasashen da za ka shiga. Shekara ɗaya take aiki. Indiya da Pakistan da Iran suna cikin ƙasashen da aka sani da nemanta.

Kowane shafinta kashi uku ne. Ranar shiga, jami'in kwastan zai gwada lambar inji da ta jikin mota da abin da ke rubuce, ya yage kashin ƙasa ya riƙe, ya buga hatimi a kashin sama. Ranar fita a yage na tsakiya, a sake buga hatimi a saman. Wannan guntun da ya rage a littafin shi ne shaidarka. A nan ake yin asara: an gaji, rana ta faɗi, an ɗaga shinge, direba ya taka mota bai nemi hatimin fita ba. A takarda motar tana cikin ƙasar har gobe, kwastan za su iya neman kuɗinsu daga ƙungiyar da ta tsaya maka, ita kuma ta riƙe jinginarka. A ganina ko da za a kwana a boda, gara a kwana a kan wannan hatimin.

Ƙasashe da yawa ba sa neman karne, takardar shigar mota ta wucin gadi suke rubutawa nan take. Sai dai wa'adinta ba lallai ya zo ɗaya da naka ba, kuma ƙara maka kwanakin zama bai ƙara wa motar ba.

Lasisin tuƙi na ƙasa da ƙasa iri-iri ne: na yarjejeniyar Janeba ta 1949 shekara ɗaya, na Biyana ta 1968 har shekara uku, kuma ba ya aiki sai tare da lasisinka na gida. Inshora ma ta yanki ce: koren kati a Turai, kati mai ruwan ƙasa a ECOWAS, mai ruwan ɗorawa a COMESA, ƙungiyar kasuwanci ta ƙasashen gabashi da kudancin Afirka. In motar ba da sunanka take ba, ka riƙe takardar izinin mai ita wadda lauya ko kotu ta tabbatar.

In kuwa motar ta lalace ko aka sace ta a can, rahoton 'yan sanda kaɗai ba ya rufe maganar. Sai ka je ofishin kwastan sun rubuta abin da ya faru da ita kafin ka bar ƙasar.