Mene ne "friluftsmuseum", gidan tarihin da ake yawo a cikinsa?

Idan aka ce gidan tarihi, abin da ke faɗo wa mutum a rai shi ne ɗaki mai akwatunan gilashi, an jera takubba da tsofaffin tukwane. Mutanen Norway suna da wani iri da suke kira friluftsmuseum, wato gidan tarihi na sarari. A nan gini shi kansa ne kayan tarihin. Ƙauye ake zuwa a kwance tsohon gida, a kwaso shi, a sake tayar da shi a wani fili tare da irinsa, mai ziyara ya yi ta shiga yana fita kamar ya je ƙauyen kakanninsa.

To yaya ake ɗauke gida sukutum? Sirrin yana wajen magina. Gumagumai suke ɗorawa ɗaya bisa ɗaya, a sassaƙe bakin kowanne ya cije ɗan'uwansa a kusurwa. Laft suke ce wa wannan gini. Da yake ba laka ba siminti, sai a sa wa kowane gungume lamba, a warware, a kai inda za a kai, a mayar da kowanne mazauninsa. Tubali ba ya yarda da haka. Shi ya sa a gidan tarihin gine-ginen gargajiya na Jos kwatankwacin ganuwar Kano aka gina, ba ita aka ciro ba.

Sarki Oscar na II ne ya fara tara irin waɗannan gine-gine a Bygdøy, gefen birnin Oslo, a 1881. Mafi shahara a cikinsu shi ne cocin katako na garin Gol, ginin wajen shekarar 1200, wanda mutanen garin suka so rushewa su yi sabo, sai aka ɗauko shi aka kafa a can. A 1907 tarin ya koma hannun Norsk Folkemuseum, wato gidan tarihin al'adun mutanen Norway, mai gine-gine wajen 160 a yau. A garin Lillehammer kuwa wani likitan haƙori ne, Anders Sandvig, ya tara nasa, aka buɗe gidan tarihin da sunan Maihaugen a 1904.

Ni dai abin da ya fi burge ni shi ne stabbur, rumbunsu na ajiye hatsi da busasshen nama. A kan ƙafafu yake tsaye, kuma da gangan ake barin tazara tsakanin matakala da bakin ƙofa, don ɓera ya hau ya rasa ta inda zai tsallaka. Rufin ma abin kallo ne: a shimfiɗa ɓawon wani itace mai suna bjørk don tare ruwa, a danne da ƙasa mai ciyawa. Da ɗumi ya shigo sai ka ga saman gida ya yi kore shar, har da furanni.