Mece ce "avant-garde" a kiɗa?

Kalmar nan avant-garde da ake yawan liƙa wa wasu makaɗa da masu zane, asalinta Faransanci ce, kuma daga bakin sojoji ta fito, wato rundunar da ke shiga gaba kafin sauran su biyo baya. A harkar kiɗa kuwa ana nufin waɗanda suka bar hanyar da aka saba suka shiga gwada abin da kunne bai taɓa ji ba, ko da kuwa jama'a za su ce kansu ya taɓu.

Ni dai in ana zancen nan John Cage ne ke fara faɗo min a rai. Ba'amurke ne, an haife shi a 1912 ya rasu a 1992. Tun wajen 1940 yake cusa kusoshi da roba tsakanin wayoyin fiyano, sai ka ji sautin ya koma kamar ganguna da ƙararrawa. Amma abin da ya fi tada ƙura shi ne wani kiɗansa mai kashi uku da ya sa wa suna 4'33". Ranar 29 ga Agusta 1952 a garin Woodstock na Amurka, makaɗin fiyano David Tudor ya zauna gaban fiyano ya rufe murfin, bai buga ko sauti ɗaya ba har minti 4 da sakan 33, buɗewa da rufewa kawai yake yi don raba kashi ukun. Mutane suka ji iska na kaɗa itatuwa a waje, can sai yayyafi a kan rufin, daga baya kuma gunaguninsu su da kansu, har wasu suka tashi suka fice.

Da yawa suna ɗauka raini ne, wallahi ba haka ba ne. A 1951 Cage ya shiga wani ɗaki a jami'ar Harvard da aka gina don ya shanye kowace ƙara, yana zaton zai ji shiru tsit, amma sai ya ji sauti biyu, ɗaya siriri ɗaya mai kauri, injiniyan wurin ya ce masa jijiyoyinsa ne da gudun jininsa. Daga nan ya tabbatar shiru na gaske babu shi, duk abin da ka kasa kunne ka saurara zai iya zama kiɗa, kuma ni wannan tunanin yana taɓa ni sosai.

Shi ya sa ma yake son cire son ransa daga aikin. A kiɗansa mai suna Music of Changes, shi ma na 1951, kwabbai ya riƙa jefawa yana duba I Ching, wani littafin duba na ƙasar Sin, abin da ya fito shi zai yanke tsawon sauti da ƙarfinsa.