Waiwaye: Daga ina kuzar Zamanin Tagulla ta fito?

Tagulla haɗi ce: jan ƙarfe kashi tara ko goma, kuza kashi ɗaya. Da ita maƙeran Masar, Iraƙi ta dā, Anatoliya (Turkiyya ta yau) da Girka suka yi ta ƙera takubba, gatura da kan masu har zuwa wajen shekara ta 1200 kafin Miladiyya. Jan ƙarfe bai ba su wahala ba, akwai shi da yawa a tsibirin Saifurus da wasu wurare a yankin. Kuza kuwa, babu wata babbar mahaƙarta a tsakiyar waɗannan dauloli, dole daga nesa aka yi safararta. Daga ina? Masu tonon kayan tarihi sun daɗe suna ja-in-ja a kan haka.

Amsar farko daga rubutu ta zo. A Kultefe, kusa da birnin Kayseri na Turkiyya, inda tsohon garin Kanesh yake, an tono allunan laka sama da 23,000, yawancinsu wasiƙu da lissafin fataken birnin Ashur da ke bakin kogin Dijla a Iraƙi ta yau, na wajen 1900 kafin Miladiyya. Ayarin jakuna ne ke cin tafiyar kusan kilomita 1,000 cikin mako shida. Jaki ɗaya yakan ɗauki kuza kimanin kilo 65 a ƙulle da hatimi, ba mai buɗewa sai an sauka, sannan a ba mai kora 'yar kuza a hannu don kuɗin fito da na masauki. A Ashur awon azurfa ɗaya na sayen awon kuza 12 zuwa 16, a Anatoliya kuwa shida zuwa takwas kacal, wato riba ninki. Sai dai allunan ba su faɗi ramin da aka haƙo ta ba. Su ma mutanen Ashur sari suke yi daga hannun masu kawowa daga gabas. Allunan fadar Mari da ke Siriya sun nuna tana bi ta ƙasar Elam a Iran, ta wuce har Ugarit da ke gaɓar teku, inda wani ɗan tsibirin Kirit ya karɓi rabonsa.

Samun ita kanta kuzar ya fi wuya, don ba ta jure zama. A 1960, da masanin kayan tarihi George Bass ya tono wani jirgin da ya nutse a Gelidonya, kudancin Turkiyya, ya tarar ruwan gishiri ya mayar da kuzar farin ƙulli kamar man goge baki.

A 1982 wani mai nutso neman soson teku ya ci karo da wani jirgin a Uluburun, kusa da garin Kash. Jirgin ya nutse wajen 1300 kafin Miladiyya, tsawonsa mita 15, yana kwance a gangaren dutse cikin zurfin mita 44 zuwa 52. A irin wannan zurfi mutum ba ya daɗewa, don haka aka yi nutso sama da 22,000 tsakanin 1984 da 1994, kowanne bai kai minti 20 ba a matsakaici. An fito da curin jan ƙarfe masu siffar shanyayyar fatar sa guda 354, an jera su sahu huɗu, gefen wannan a kan na wancan don kada su zame. Duka jan ƙarfen tan goma ne, kuzar kuma tan ɗaya, daidai awon haɗa tagulla tan 11. Akwai kuma curin gilashi kimanin 175, tuluna kusan 150 irin na Kan'ana, haure da haƙoran dorina, baƙin katako daga Afirka, da ɗan hatimin zinariya mai sunan sarauniya Nefertiti ta Masar.

Jan ƙarfen bai yi gardama ba. A cikinsa akwai ɓurɓushin dalma, ita kuma dalma tana da ire-iren ƙwayar zarra, wato aisotof, guda huɗu, kuma yawan kowanne ya danganta da shekarun dutsen da ta fito. Da aka auna, sai ya dace da mahaƙun Saifurus. Kuza ta ƙi wannan hanya. Dutsenta ba ya ɗauke da dalma sosai, ɗan abin da aka gani ma wataƙila a wajen narkawa ya shiga. Nata aisotof ɗin guda goma ne, amma bambancin ƙanƙane ne, har awon wata mahaƙa yakan shiga cikin na wata. In kuma an narke curi biyu daga wurare daban aka haɗa, shaida ta rikice. Ga wata matsalar: galibi a yashin rafi ake wanke kuza, kamar yadda aka saba a Jos, kuma irin wannan aiki ambaliya ɗaya ke share sawunsa.

Mahaƙun da aka tabbatar an yi aiki cikinsu a wancan zamani kaɗan ne. A 1989 masaniyar kayan tarihi Aslihan Yener ta bayyana mahaƙar Kestel da ke tsaunukan Toros na Turkiyya, tare da tukwanen narkawa a ƙauyen Goltefe da ke kusa, amma wasu suka ce kuzar wurin ba ta kai ta ciyar da kasuwa ba. Akwai kuma Karnab a Uzbekistan da Mushiston a Tajikistan.

A 2019 ayarin masu bincike na Daniel Berger na Mannheim a Jamus ya auna curin kuzar da aka tsamo a gaɓar Haifa, ya ce dutsensu ya kai shekaru miliyan 290, abin da ya dace da Konwal da Debon a kudu maso yammacin Ingila. A 2022 Wayne Powell da abokan aikinsa suka auna curi 105 na Uluburun, suka ce kashi ɗaya cikin uku daga Uzbekistan da Tajikistan yake, sauran daga Turkiyya. Shekara na zagayowa su Berger suka mayar da martani cewa alƙaluman ba su kai ga wannan hukunci ba, kuma ba a fitar da Konwal daga lissafi ba.

A ganinmu, neman mahaƙa guda ɗaya shi ne kuskuren. Tsakanin jakunan Ashur da jirgin Uluburun akwai shekaru kusan 600, kuma ba dole ba ne hanyar da ta ciyar da na farko ta kasance ita ce ta biyun. Yanzu masu binciken sun koma haɗa awo uku a kan kowane curi: aisotof na kuza, na dalma, da ɓurɓushin ƙarafa irin su antimoni da indiyom, su kwatanta da curin da aka tsamo a Salkom, gaɓar Debon, wanda asalinsa ba ya da nisa da inda ya nutse.