Me Ake Nufi Da "Gashin Kuran"?

Kwana biyun nan da wuya ka kunna rediyo a Maraɗi ba ka ji mai talla yana kiran masu ciwon baya su zo a yi musu "gashin kuran" ba, wato gashi da wutar lantarki, wai injin yana ƙone cuta, ya narkar da abin da ya daskare a ƙugu. Wannan maganar ce ke ci mini tuwo a ƙwarya. Injin nan da likitoci ke kira TENS ba ya ƙona komai, ko ɗumi ba aikinsa ba ne. Ɗan akwati ne mai batir da wayoyi, a manna 'yan faya-fayan roba a fatar ƙugu, wutar lantarki mai rauni ta riƙa tsikarar jijiyoyi.

A 1965 wasu masana biyu, Melzack da Wall, suka bayyana cewa saƙon taɓi da na zafi suna haɗuwa a laka, idan na taɓi ya yi yawa sai ya tare wa zafi hanya. Shi ya sa wanda ya buge gwiwa yake murza wurin, kuma da wannan dabarar injin ke aiki.

Dabarar ma ba ta yau ba ce. Masuntanmu sun san minjirya, kifin nan marar ɓawo da in ka kama shi yake fizgar hannunka har kafaɗa. Misirawan dā sun zana ta a bangon kaburburansu, kuma a ƙarni na farko na Miladiyya wani likitan Rum, Scribonius Largus, ya rubuta cewa a ɗora wa mai ciwon kai wani kifin teku mai irin wannan wuta har wurin ya daina ji. Daina ji kawai, ba warkewa ba.

Wasu suna samun sauƙi na ɗan lokaci, ban musa ba. Amma a 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada a ɗauke shi magani ga ciwon baya da ya daɗe, ta fifita motsa jiki da koyar da marar lafiya yadda zai kula da bayansa. Ɗan kabu-kabu ko ɗan dako da ya zuba jakunkunansa a wurin masu injin, wa ya gaya masa haka?

Mai ciki, da mai farfaɗiya, da mai na'urar bugun zuciya kada su yi sai da izinin likita. Wanda kuwa ƙafarsa ke mutuwa, ko fitsari yake kuɓuce masa, ko yana ramewa ga zazzaɓi, asibiti zai nufa a ranar.