Cocin Holy Trinity ta Long Melford

Cocin Holy Trinity tana ƙauyen Long Melford a yankin Suffolk, gabashin Ingila. Tana cikin majami'un da ake kira "cocin ulu", wato waɗanda aka gina da arzikin saƙar gashin tumaki a ƙarni na 15. Galibin ginin da ake gani yau an yi shi ne tsakanin 1467 da 1497, a kan harsashin wata tsohuwar coci.

Attajiran ƙauyen ne suka haɗa kuɗin aikin, kuma babbansu shi ne John Clopton na gidan Kentwell, wanda ya rasu a 1497. Abin da ya bambanta wannan coci shi ne an rubuta sunayen masu bayarwa a jikin bango daga waje, tare da roƙon a yi wa rayukansu addu'a. Mai zagaya ginin yana iya karanta wanda ya biya kuɗin kowane sashe, ko da shi masaƙi ne ko ɗan kasuwar tufafi.

An yi adon bangon da dutsen ƙanƙara, irin wanda ake ƙyasta wuta da shi. Magina kan fasa shi, su jera baƙin cikinsa daidai da farin dutsen gini har fuskar ta zama sumul. Tagogi kuwa manya ne, a jere sama da ƙasa, shi ya sa haske ke cika cikin cocin, kamar bangon gilashi ne ba dutse ba.

An farfasa yawancin gilasai masu launi lokacin sauyin addini na ƙarni na 16 da yaƙin basasa na ƙarni na 17. Waɗanda suka tsira an tara su a tagogin ɓangaren arewa, inda ake ganin dangin Clopton da abokansu durƙushe suna addu'a, cikin tufafin zamaninsu. Akwai kuma ɗan gilashi mai zomaye uku da kunnuwa uku kacal, amma kowane zomo ana ganinsa da biyu, alamar Triniti (Uba, Ɗa da Ruhu Mai Tsarki) a wurin Kiristoci.

Ɗakin addu'ar Clopton ƙarami ne, amma a nan kyawun ginin ya fi taruwa. An rubuta baitocin John Lydgate, mawaƙi kuma ɗan zuhudu na garin Bury St Edmunds, a kewayen silinsa. A gabashin cocin akwai ɗakin Maryamu na 1496, wanda kusan gini ne mai zaman kansa, kuma a da ya daɗe yana zaman makarantar ƙauye.

Aradu ta lalata hasumiyar farko wajen 1710, aka sake ta da jan bulo. Tsakanin 1898 da 1903 mai zanen gine-gine G. F. Bodley ya lulluɓe ta da dutse domin ta dace da sauran ginin.