Waiwaye: Yadda Aka Fara Koya wa Ɗaliban Jinya Buɗe Baki a Gaban Likita

Horon jinya na zamani ya shigo Arewa ne ta hannun 'yan mishan da gwamnatin mulkin mallaka, kuma ya zo da tarbiyya irin ta bariki. Likita ya rubuta, sista ta umarta, ɗaliba ta aiwatar. Gyaran gado da allura da wanke ciwo an koyar da su da kyau. Magana kuwa ba a ɗauke ta darasi ba.

A 1947 aka kafa majalisar yi wa ma'aikatan jinya rajista a Najeriya, a 1979 aka haɗe ta da hukumar ungozomomi. Jami'ar Ibadan ta buɗe sashen jinya a 1965, amma da fari malamai da masu riƙe ragamar asibiti take yayewa. Wato shugabanci abin koyon manya ne, ba na ɗaliba mai farin kaya ba.

Abin da ya juya akalar daga Amurka ya taso. A 1999 wani rahoton cibiyar nazarin lafiya ta ƙasar ya ƙiyasta cewa mutum 44,000 zuwa 98,000 ke mutuwa duk shekara a asibitocinsu saboda kuskuren da za a iya kauce masa. Da aka bi diddigi, sai aka tarar sau da yawa ba ilimi aka rasa ba. Wani ya gani ya yi shiru, ko an miƙa aiki an bar bayani a baya. Sai aka ari dabarun matuƙa jirgin sama da sojan ruwa. Daga nan aka samu tsarin SBAR, wato hanyar isar da bayanin mara lafiya a matakai huɗu (halin da ake ciki, abin da ya gabata, abin da ake gani, abin da ake so a yi), sannan TeamSTEPPS, shirin horar da ma'aikatan lafiya kan aiki tare, a 2006. A 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da takardar da ake bi kafin tiyata, wadda a cikinta kowa, har nas, zai faɗi sunansa da aikinsa kafin a sa wuƙa.

A Kaduna, ɗalibar da ta fito daga Kafanchan ko Kakuri ko Shika tana da wani ƙarin kaya a ka. An raine ta da kunya da girmama na gaba, kuma wannan abin alfahari ne. Amma a ɗakin haihuwa cikin dare, mai jego na zubar da jini, "Ranka ya daɗe, da dai za ka leƙo" ba ta isa ba. Abin da SBAR ke koya mata shi ne ta ce: gado kaza, ta haihu ɗazu, jini bai tsaya ba, awon jini na sauka, ina ganin mahaifa ba ta tsuke ba, ka zo yanzu. Ba rashin ladabi a ciki ko kaɗan. Ga kuma sauya harshe, Turanci a kati, Hausa da mai jinya, wani lokacin har da tafinta.

A ganina aji kaɗai ba ya koyar da wannan, musamman ganin ɗaliban likita da na jinya ba safai ake haɗa su wuri guda ba, sai su haɗu a bakin gado kowa da ƙungiyarsa, bayan shekarun takun-saƙa tsakanin ƙungiyar likitoci ta NMA da JOHESU, gamayyar ƙungiyoyin sauran ma'aikatan lafiya. Yanzu kuma ƙwararru na ta ficewa Ingila da Saudiyya, har majalisar jinya ta fitar da ƙa'ida a 2024 cewa sai an yi shekara 2 ana aiki kafin a tantance takardun mai son fita. Wadda ta gama makaranta bara, ita ce za ka tarar tana riƙe da ɗaki guda a aikin dare, tana raba wa ɗalibai aiki.